Kafinta: ƙungiya, canjin gari, buɗe shagonka da ranar ajiye guduma, ga yadda za ka auna su

Duk kafintan da ya kai shekara talatin ko ya ɗan haura, akwai wasu tambayoyi da suke hana shi barci wani lokacin. In nemi aikin kamfani ne a riƙa cire min kuɗin ƙungiya da na fansho duk wata? Ko in tattara ya-nawa-ya-nawa in nufi Abuja tunda ance can ake biyan aiki da daraja? Ko in sallami maigida in kafa nawa shagon? Sai kuma wadda ba a cika faɗinta a majalisa ba, wato idan ƙarfi ya ƙare, baya ya riƙe, ido ya daina ganin layin fensir a jikin katako, wa zai ci da ni?

Yawancinmu muna ɗaukar tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, ta ƙarshen kuma a ce sai in Allah ya kai mu. Ni a ganina ta ƙarshen ce ya kamata ta yi wa sauran ukun alƙalanci. Duk hanyar da za ka bi, abin tambaya shi ne me za ta bar maka a ranar da ba za ka iya hawa saman rufi ba. To bari mu bi su a hankali.

Mataki na farko: ka san abin da kake samu na gaskiya

Kafin ka kwatanta kanka da mai albashi ko da wanda ya tafi ci-rani, sai ka san kai nawa kake samu, kuma wallahi da yawa ba su sani ba, kuɗi ne ke shiga aljihu yana fita kawai. Ka sayi ɗan littafi ko ka buɗe waje a wayarka, ka riƙa rubuta duk abin da ya shigo da duk abin da ya fita, aƙalla na wata shida, in da hali shekara guda, saboda sana'ar nan lokaci gare ta. Bayan kaka da gabanin azumi aure ke yawa, masu kayan ɗaki ba sa samun hutu, farkon damina kuma iska ta ɗaye kwano masu rufi su samu, sannan akwai watannin da za ka wuni a bakin shago kana korar ƙuda. In ka yi lissafi da watan biki kaɗai ka yaudari kanka.

Misali a ce ka karɓi aikin gado da wadirob da madubi a kan naira dubu 600. Katako da filawud da gam da kusa da hannuwa da sauransu suka ci dubu 430, mai feshin fenti ya karɓi dubu 40, yara dubu 30, yankan inji da dako da man janareta dubu 20. Abin da ya rage dubu 80 ne. In aikin ya ɗauke ka kwana 16, kenan dubu 5 kake samu a rana, ba dubu 600 ɗin da ka gani a alat ba. Kuma ba ka cire kuɗin hayar shago da lalacewar kayan aiki ba tukuna. Wannan adadin na rana shi ne za ka riƙe a hannu, da shi za ka auna komai da zai biyo baya.

Ka ƙara layi ɗaya a littafin: ranakun da ba ka fita ba saboda ciwo. Bana in kwana biyar ne, nan da shekara goma ba biyar ba ne.

Mataki na biyu: ƙungiya, amma wace iri?

Nan mutane ke haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Akwai ƙungiyar kafintoci ta unguwa ko ta kasuwa ko ta ƙaramar hukuma, wadda masu zaman kansu suke haɗuwa su kafa, akwai kuma ƙungiyar ƙwadago ta ma'aikatan kamfani. Amfaninsu daban, abin da za ka tambaya kafin ka shiga ma daban.

Ta ƙwadagon a Najeriya ita ce NUCECFWW, wadda ta haɗa ma'aikatan gine-gine da masu aikin katako da kayan ɗaki, an kafa ta a 1996 bayan haɗe ƙungiyoyi biyu, kuma tana ƙarƙashin NLC, uwar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa. Ita ce ke zama da ƙungiyar manyan kamfanonin gine-gine, wato FOCI, su yi yarjejeniya kan albashi da alawus da kuɗin sallama. Ka ga wannan ba ta mai benci a bakin titi ba ce, sai ka samu aiki a kamfanin da ke da reshenta, irin manyan kamfanonin da ke gina hanyoyi da gadoji da dogayen benaye, inda kafinta yawanci aikin katakon dekin da na zuba kankare yake yi, ba gado da kujera ba. Kuɗin ƙungiya daga albashi ake cirewa, kuma tun gyaran dokar da aka yi a 2005 shiga ganin dama ne, ba mai tilasta ka, ba kuma mai ikon hana ka.

To me aikin kamfani yake bayarwa wanda shago ba ya bayarwa? Babban abin shi ne fansho. A dokar fansho ta 2014 ana cire kashi 8 cikin ɗari daga albashinka, kamfani ya ƙara aƙalla kashi 10 daga aljihunsa, a zuba a asusu mai sunanka. In abin da ake lissafawa na albashinka dubu 100 ne, kai dubu 8 ka bayar amma dubu 18 ce ke shiga. Wannan dubu 10 ɗin babu kwastoman da zai taɓa ba ka ita. Dokar ta kuma wajabta wa kamfani ya yi maka inshorar rai wadda ba ta gaza ninki uku na albashinka na shekara ba, in ta Allah ta kasance iyali su karɓa. Sannan akwai dokar biyan diyya ta 2010, inda kamfani ke biyan kashi 1 na jimlar albashin ma'aikatansa ga hukumar NSITF, domin wanda ya faɗo daga bene ko inji ya cire masa yatsa ya samu magani da diyya. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake yawo da faranti a kasuwa ana haɗa wa wanda ya karye kuɗin ɗori ya san darajar wannan.

Sai dai ga inda gizo ke saƙar. Mafi yawan kafintocin da ke aiki a wuraren gini ba ma'aikatan kamfani ba ne a takarda, 'yan rana ne, ko kuma wani ɗan kwangila ne ya kwaso su ya kawo, shi ke karɓa ya biya su. Za ka iya shekara uku kana sa hular kwano mai tambarin kamfani amma sunanka ba ya cikin littafinsu, ranar da aiki ya ƙare a ce kowa ya kama gabansa. Don haka kafin ka bar abin da ke hannunka ka tambayi abubuwan nan ƙarara. Wa zai biya ni, kamfanin ne ko ɗan kwangila? Za a ba ni takardar ɗaukar aiki? Dokar ƙwadago ta ce cikin wata uku da fara aiki dole a ba ka sharuɗɗan aikinka a rubuce. Za a buɗe min asusun fansho, kuma ana zuba kuɗin da gaske? Wannan ta ƙarshen kada ka tambayi ofis, ka tambayi wanda ya riga ka shekara biyu a wurin ya nuna maka saƙon da ke shigo masa a waya, domin akwai wuraren da ake cirewa a takardar albashi amma ba a zubawa. In aka ce babu takarda babu fansho, to ka ɗauke shi a matsayin jinga kawai, ka kwatanta kuɗin ranar da naka na littafi, shikenan.

Wani abin da ke taimakawa wajen shiga da matsayi mai kyau shi ne takardar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, wadda ake kira trade test da Turanci, tana da mataki na uku da na biyu da na ɗaya. Mutum zai iya fin injiniya sanin katako amma in ba takarda a lebura za a rubuta shi. Ka nema tun kana da ƙarfi, ba ta da wani tsada idan aka kwatanta da abin da take buɗewa.

Ka kuma sani albashi mafi ƙanƙanta na dubu 70 da aka sa wa hannu a 2024 bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, don haka kada ka je ƙaramin shagon kayan ɗaki kana kafa hujja da shi.

Ita kuwa ƙungiyar masu zaman kansu, ba ta ba da fansho, kada wani ya ruɗe ka. Amfaninta shi ne sasanci idan rigima ta haɗa ka da kwastoma ko da yaronka, da tsaya maka idan masu haraji ko jami'an tsara gari suka zo, da gudummawa idan gobara ta tashi ko an yi rasuwa, sannan manyan ayyuka irin bencinan makarantu ko kayan ɗakin auren gata, kamar wanda gwamnatin Kano ta yi wa ma'aurata 1,800 a 2023, ba aikin mutum ɗaya mai yara biyu ba ne, sai an haɗa hannu. Ni ina ganin shiga ya fi rashin shiga. Amma ka halarci taro biyu ko uku kafin ka biya kuɗin rajista, ka ga ana karanta lissafin kuɗi a gaban kowa ko kuwa shugaba da ma'aji ne kawai suka sani, ka tambaya yaushe aka yi zaɓe na ƙarshe, ka tambaya wane ne mutum na ƙarshe da aka taimaka wa kuma da nawa. In amsar ta zama kame-kame, ka biya ɗan abin da zai sa a bar ka ka yi sana'arka lafiya, amma kada ka ɗora tsufanka a kanta.

Mataki na uku: canjin gari

Gaskiya ne aikin da za ka yi a Gusau ko Azare a ba ka kaza, a Abuja ko Legas za a iya ninka maka. Abin da masu dawowa da sallah ba sa faɗa shi ne inda kuɗin ke tafiya. Mai aiki a Maitama ko Gwarinpa ba a can yake kwana ba, yana Mararaba ko Masaka ko Suleja ko Zuba, kullum sai ya biya mota zuwa da dawowa, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama abin da ake sa wa a lissafi da gaske. Haya ta shekara ake biya a dunƙule, ga kuɗin dillali, ga abinci na saye safe da dare, ga gida can ka bari shi ma yana jiran aike. Murhu biyu kenan kake hurawa da hannu ɗaya.

Kuma akwai abin da ba ya shiga jaka: sunanka. A garinku in za a aurar da yarinya ana cewa a kira wane, babansa ma shi ya yi mana rufi, mai katako a Na'ibawa ko Fanteka zai ba ka kaya bashi saboda ya san gidanku. A sabon gari kai baƙo ne, mai katako a Dei-Dei ko Kugbo ba zai ba ka ko siririn katako ɗaya ba sai ka biya, kwastoma kuma ba zai ba ka kafin alƙalami mai kauri ba don bai san inda zai same ka ba.

Saboda haka shawarata kada ka tashi gaba ɗaya a karon farko. Ka tafi kai kaɗai na wata uku, a lokacin da kasuwar garinku ta yi sanyi, ka bar iyali da shago a inda suke. Ka tafi wajen wani takamaimai wanda ya ce zo ga aiki, ba wai ka sauka a tasha kana neman 'yan garinku ba. Ka riƙe kuɗin motar dawowa a gefe wanda ba za ka taɓa ba ko da yunwa. Ka ci gaba da rubutu a littafin nan, bayan wata ukun ka duba abin da ya rage bayan an cire komai, shi za ka kwatanta da na gida, ba abin da aka biya ka ba. In bai fi na gida da kyau ba, ba ɗan fifiko kaɗan ba, to wahalar ba ta biya ba, ka dawo ba abin kunya ba ne.

Ka kuma tambayi kanka irin aikin da garin ke so. Abuja yanzu aikin kicin da wadirob na allunan MDF da HDF, wato allunan zamani na matsattsen garin katako, ne ke tafiya, ana son awo daidai har milimita da gamawa mai santsi, in kai gwanin madaci ne da sassaƙa da rufi, sai ka koyi wancan ko ka zama yaron wani na ɗan lokaci, kuma ba kowane mai shekara arba'in ne zai jure yaro ɗan ashirin da biyar yana aikensa ba.

Masu tunanin ƙetare iyaka, Maraɗi ko Damagaram ko Yamai, su tuna abin da ya faru bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, iyaka ta rufe watanni, kaya da mutane suka maƙale. Masu tunanin Saudiyya ko Libiya kuwa magana ɗaya ce: duk wanda ba zai nuna maka bizar aiki da kwantiragi a rubuce ba, kuma ya ce ka sayar da injinka ka ba shi kuɗin, ka riƙe injinka.

In kana da asusun fansho daga wani tsohon aiki, canjin gari ko canjin kamfani ba ya kashe shi, lambar taka ce har abada, sai dai ka ba sabon wurin aikin. Mutane da yawa sun manta da nasu, kuɗi na can kwance.

Mataki na huɗu: buɗe naka shagon

Wannan shi ne burin kowane yaron shago, kuma ba laifi, amma iya aiki daban, iya riƙe shago daban. Ranar da ka zama oga rabin lokacinka zai tafi a ciniki da zuwa kasuwa da bin bashi da rarrashin uwar amarya, gudumar ma sai ka yi kewarta.

Ka fara da rabuwa lafiya da maigidanka. Kada ya ji a bakin mutane, kada kuma ka janye masa kwastomomi ta bayan gida. Ka same shi a gida, in da hali da wani babba, ka ce, Maigida, na zo neman albarka ne, ina so in gwada tsayawa da ƙafata, duk abin da na iya a hannunka na koya. Mafi yawansu za su ce Allah ya yi maka albarka, wani har ya haɗa maka da zarto da guduma, kuma aikin da ya yi masa yawa kai zai turo wa. Shekarar farko da irin wannan turen ake rayuwa.

Kada ka fara da sayen manyan injina. A duk kasuwar 'yan katako akwai masu injin tsagawa da na gogewa da ake biya a yi maka, ka yi amfani da su har sai lissafinka ya nuna kuɗin da kake ba su a wata ya kai ya sayi naka. Abin da ya kamata ka mallaka tun farko shi ne kayan hannu masu kyau da ɗan injin huji da na yanka na hannu, da rumfa mai tsaro inda ruwa ba zai taɓa katako ba. Kuma ka tanadi abin da zai riƙe gidanka wata uku ko da ba a kawo aiki ko ɗaya ba, in ba ka da shi ba ka shirya ba, ka ƙara haƙuri.

Yanzu ga abin da ya fi kashe shagunan kafintoci, ya kuma ɓata mana suna har ake mana kirari da saɓa alkawari: cin kafin alƙalami. An ba ka kuɗin kayan aikin Hajiya, ka cire ka ƙarasa aikin Alhaji wanda ka riga ka cinye nasa, sai ka jira na uku ya kawo ka yi na Hajiya, haka za ka yi ta jujjuyawa har ranar da na ukun bai zo ba, ga ranar kai amarya ta matso, daga nan sai ofishin 'yan sanda ko gaban mai unguwa. Maganinsa ɗaya ne kuma mai ɗaci: ranar da aka ba ka kuɗin kaya, ranar za ka je kasuwa ka saye kayan aikin, ka rubuta sunan mai shi a jiki. Wannan ya ƙara zama dole tun da farashi ya daina zama wuri ɗaya, a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, dala da take wajen naira 460 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta wuce 1,500, kuma allo da hannuwa da maƙullai da yawansu daga waje suke zuwa. Wanda ya karɓi kuɗi ya ajiye wata biyu, daga aljihunsa zai cika.

Duk ciniki a rubuta, ko da a saƙon WhatsApp ne: irin katakon, girman, launin fenti, jimlar kuɗi, abin da aka bayar, ranar kawowa, da kuma cewa farashin na kwana kaza ne. Ka raba kuɗin aikinka da kuɗin kaya a lissafi. Ka buɗe asusu daban na shago, kada kuɗin cefane da na kwastoma su kwana wuri ɗaya. Idan kana hangen aikin makarantu ko ofisoshi ko ƙungiyoyin agaji, ka yi wa sunan shagon rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, domin ba sa tura kuɗi asusun mutum. Ka ɗauki hoton duk aikin da ka gama da haske mai kyau, yau hoto a waya ya fi allon bakin shago kawo ciniki.

Sai gobara. Shago cike da katako da soso da fenti da tina, ga wayoyin wuta a jone barkatai, ga janareta. Ka share dusar katako kullum, ka raba wajen fenti da wajen wuta, ka sayi abin kashe gobara ko da ɗaya ne. Ga wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshora ba, akwai takaful wanda aka tsara bisa shari'a, ka je ka ji sharuɗɗansu.

Mataki na biyar: ranar ajiye guduma

Mai aikin kamfani nasa a fili yake. Kuɗin da ke asusunsa zai fara taɓawa idan ya yi ritaya kuma ya kai shekara 50, a ba shi wani kaso a dunƙule, sauran a riƙa biyansa wata-wata. In aiki ya ƙare kafin nan kuma ya yi wata huɗu bai samu wani ba, doka ta ba shi damar cire har kashi 25 cikin ɗari. A aikin gini da kwangila ke ƙarewa a sallami mutane, wannan dama tana da amfani, sai dai duk abin da ka cire yau daga abincin tsufanka ka cire. Kuma kada ka ɗauka fanshon kaɗai zai riƙe ka, wanda ya yi shekara goma yana shiga yana fita abin da zai tara ba mai yawa ba ne.

Mai zaman kansa kuwa babu mai ƙara masa kashi 10, shi ne kamfanin shi ne ma'aikacin. Tun 2019 hukumar fansho ta ƙasa, wato PenCom, ta buɗe tsarin ƙaramin fansho domin irinmu, kana zubawa kullum ko mako-mako ko wata-wata gwargwadon ƙarfinka, lokacin da aka ƙaddamar da shi kashi 40 za ka iya cirewa idan buƙata ta taso, kashi 60 kuma sai tsufa. Hukumar tana sabunta suna da ƙa'idojin tsarin, don haka ka sa a karanta maka wanda ke aiki ranar da za ka sa hannu. Masu gudun kuɗin ruwa su tambayi asusu na shida, wanda aka ware don zuba jari marar ruwa. Kyawun wannan tsarin a wajena ba ribarsa ba ce, a'a, wahalar cirewarsa ce, domin kuɗin da ke kusa da hannu biki da suna da rancen 'yan'uwa ba sa barinsa ya kwana.

Amma da yadda naira ke zubewa, ba zan ce ka zuba komai a takarda ba. Ka raba ƙafa. Adashi yana da kyau don tara abin sayen inji ko fili, amma shi ba fansho ba ne, kwasa ɗaya ce ta ƙare, don haka kafin kwasarka ta zo ka riga ka san abin da za ta zama. Fili ko gona da takarda da shaidu da sa hannun mai unguwa ko dagaci, ka kuma bincika ba a sayar wa wani ba. Ɗaki ɗaya ko shago ɗaya na haya da zai riƙa kawo wani abu ko kana kwance. Kiwo in akwai mai kula na amana. Abu na farko dai shi ne muhallin kanka, tsoho mai biyan haya da kuɗin guduma yana cikin hatsari. Ka ware wani kaso daga kowane aiki, ko kashi 10 ne, ka cire shi ranar da aka biya ka kafin ka isa gida, in ka jira sai abin da ya rage, ba abin da zai rage.

Lafiya ma tanadi ce. Ƙurar allunan nan na zamani akwai sinadarin gam a ciki mai cutar da ƙirji, ƙarar inji tana cinye ji a hankali ba ka sani ba, feshin fenti ba takunkumi kuwa kowa ya san yadda yake sa jiri. Takunkumi da abin toshe kunne da tabarau ba su kai kuɗin kwana ɗaya a asibiti ba. Ka yi allurar tetanus, mu da kusa mai tsatsa kullum muna tare. Jihohi irin Kano da Kaduna suna da hukumomin taimakekeniyar lafiya da mai zaman kansa zai iya shiga ya biya na shekara, ka je ka tambaya da kai da iyalinka.

Sannan ritayar kafinta ba rana ɗaya take zuwa ba, sauka ake yi mataki-mataki, kuma gara ka tsara saukar da kanka. Daga wajen shekara 45 ka fara rage hawa sama, rufi da dekin ka bar wa matasa, kai ka koma awo da yanka da duba aiki. Daga nan ka koma karɓo aiki da sayen kaya da kula da inganci. Wasu suna komawa sayar da katako ko kayan haɗi irin su hannuwa da maƙullai da kusa, kuma ba wanda ya fi tsohon kafinta sanin abin da kafinta ke nema. Wasu su sayi injin tsagawa su zauna ana kawowa ana biya. Duk wannan ba ya yiwuwa sai in ka koyar da yara da gaske, ba ka ɓoye musu sirrin aiki kana aikensu sayen abinci shekara biyar ba. Yaron da ka koya wa awo da lissafi da magana da kwastoma shi ne zai riƙe shagon.

In kuma ka riga ka haura hamsin babu fili babu asusu, kada ka ce lokaci ya wuce ka zauna. Ka bar maganar canjin gari, sunanka na garinku shi ne abin da ya fi komai daraja a hannunka yanzu. Ka zaɓi yaro ɗaya mai amana, ɗanka ne ko ba ɗanka ba, ku zauna gaban shaidu biyu a rubuta: shago da injina naka ne, shi ke gudanarwa, ga kason da zai riƙa ba ka daga kowane aiki, ga wanda zai gyara inji in ya lalace, ga yadda za a rabu in zama ya ƙi. A cikin takardar a lissafa kowane inji da sunan mai shi, da bashin da ake binka da wanda kake bi, a ba babban ɗanka kwafi ɗaya, mai unguwa ko shugaban ƙungiyarku ya riƙe ɗaya.